Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu a Taron Tunawa da Samanja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe babban baƙonmu, Janar mai ritaya, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu da 'yan uwa 'yan wasa, barkanku da zuwa. Yallaɓai, sannu da hanya. Mun san ba ƙaramin abu ba ne mutum irinka ya baro harkokinsa ya zo ya zauna a kan kujerar roba cikin matasa masu wasan kwaikwayo. Allah ya saka da alheri.

Da muka zauna shawarar wanda za mu gayyata, wasu sun ce a nemo ɗan fim. Ni na dage sai soja, domin mutumin da muka taru dominsa kaki ya sa na gaske kafin ya sa na wasa.

Marigayi Usman Baba Pategi Banufe ne, an haife shi a Pategi ta jihar Kwara a 1942, kuma ɗan gidan sarauta ne. Ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan Kaduna, ya shiga soja a shekarun yaƙin basasa, sannan ya dawo mana da abin da ya gani a bariki. Shi ya ƙirƙiro wasan kwaikwayon nan na Samanja Mazan Fama, shi ke tsara labarin, shi ne kuma ke fitowa da sanda a hammata yana daka wa kurata tsawa. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023. Allah ya jiƙansa.

Yallaɓai, ka fi mu sanin wane ne samanja a bariki. Hafsa ya ba da umarni, amma samanja ne ke tabbatar da an yi. Baba Pategi ya ɗauko wannan mutum da kowa ke tsoro, ya kai shi gida, ya nuna shi yana rikici da iyali, yana kuskure, yana borin kunya. A lokacin da farar hula ke ganin kaki su canza hanya, sai ga su sun cika gaban talabijin ɗin maƙwabta suna dariya da soja. Hausar ma da yake yi, ta bariki ce, gauraye da Turancin buroka, irin wadda Bayarabe da Tibi da Bahaushe ke fahimtar juna da ita a fareti. Wanda bai kwana a bariki ba ba zai iya rubuta ta ba. Mun gwada, mun sha kunya.

To, baƙo ba ya zuwa a bar shi ya tafi ba koke. Yawancin yaran nan gutsattsarin wasan kawai suka gani a waya. Muna roƙo ka sa mana baki a gidan talabijin na NTA Kaduna, ko za a nuna mana tsoffin shirye-shiryen a zama ɗaya. Na biyu, ka haɗa mu da tsoffin sojoji biyu ko uku da za su zauna su ba marubutanmu labari.

Yaranmu sun shirya ɗan gajeren wasa na fareti. Idan suka sara maka da hannun hagu, a yi musu afuwa, da gangan ne.

Ranka ya daɗe, bismillah, ga lasifika.