Kwana kyauta a bakin teku a Norway, yaya abin yake?

Salamu alaikum jama'a, 'yan uwa na Garwa da Marwa da Njamena barkanku da war haka. Akwai wani titi da yake hawa yana sauka a kan ruwa a Norway, sunansa hanyar Atlantika, tsakanin garin Molde da Kristiansund. Kilomita 8 ne da 'yan kai, gadoji 8 suka haɗa ƙananan tsibirai, an buɗe shi a 1989, kuma tun 1999 aka daina karɓar kuɗin hanya.

Toh wai da gaske mutum zai kafa tanti ya kwana ba ko sefa ɗaya? Da gaske ne. Suna da doka tun 1957 da ta ba kowa dama, har baƙo, ya kwana a filin da ba gona ba ko da kuwa filin na wani ne. Amma fa da sharaɗi, ka ba gidan mutane tazarar mita 150, kwana biyu kawai a wuri ɗaya, in zaka ƙara sai ka nemi izinin mai fili, kuma shararka ka kwashe abarka. Daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba ba a hura wuta a daji ko kusa da daji, don haka masu shayi a manta da gawayi, ɗan murhun gas ake ɗauka.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne mota. Dokar nan ta mai tafiya a ƙafa ce da tantinsa, ba irin ta direban kamiyo a hanyar Ngaundere ba da zai faka duk inda barci ya kama shi ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota. Can ba a sauka daga titi a shiga fili da mota, sai wurin fakin, in kuma ka ga allo an hana kwana toh an hana ɗin kenan. Kuma kar ka ce ai duk ƙasashen Turawa ake barin mutum ya kwana kyauta haka, a Big Sur, wani bakin teku a Kalifoniya ta Amurka, tara za su ci ka in ka kwana gefen titi.

Sai iska, wallahi iskar tekun nan ba wasa, in baka kafe tanti da kyau ba zaka tashi tsakar dare kana binsa da gudu. Tsakar daren ma a watan Yuni gari baya yin duhu sosai, don haka lokacin isha'i da asuba ka tambayi masallacin garin da ka sauka kafin ka kama hanya.