Likitan shanun da kyamara ta bi har cikin garke

Assalamu alaikum mutanen Damagaram. Duk wanda ya taɓa kwana a tsaye kan saniyar da naƙuda ta yi wa gardama ya san darajar mutumin da zai zo cikin dare, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa ya juyo ɗan maraƙin. Labarin yau na irin wannan mutum ne, sai dai shi duniya ta gan shi yana yi.

Sunansa Jan Pol. An haife shi a 1942 a ƙasar Holan, shi ne auta cikin ƴaƴa shida, a gidan masu kiwon shanun madara. Da tatsa da kwasar kashin shanu ya tashi, kamar yaron ruga. Ya gama karatun likitan dabbobi a jami'ar Utrek a 1970, ya koma Amurka tare da matarsa Diane, wadda ya sani tun yana ɗalibi. Kimanin shekara goma ya yi ƙarƙashin wani likita, sannan a 1981 suka buɗe nasu asibitin a Weidman, wani ɗan ƙauye a jihar Mishigan.

To, nan ne abin da ya fi ja mini hankali. Shekara talatin yana wannan aiki, ba wanda ya san shi sai manoman yankin. Sai ɗansa Charles, mai harkar fim, ya kawo shawarar a ɗauki aikin uban. A 2011 tashar Nat Geo Wild ta fara nuna shirin The Incredible Dr. Pol, lokacin tsohon yana da shekara 69. Shirin bai tsaya ba sai 2024.

Me mutane suke kallo? Saniya ce cikinta ya kumbura saboda iska ta taru a tumbi, numfashi na neman ɗaukewa, sai a zura tiyo ta baki, in abin ya tsananta a huda gefen hagu iskar ta fita. Ga awon ciki, inda likita ke laluben mahaifa da hannu ya faɗi watannin cikin. Ga doki mai ciwon ciki, ga akuyar da mahaifa ta fito mata. Da jini da taɓo, haka ake nunawa. Makiyayin Tanout ko mai turkar ragon layya a Birni, ko bai jin Turanci, zai gane kowane ciwo da ido.

Pol kan duba ƙarfin aljihun mai dabba kafin ya zaɓi magani, kuma ni ina ganin wannan ne ya sa manoma suka riƙe shi. Amma fa ya sha suka. Wasu likitoci sun ce hanyoyinsa na da ne, musamman wajen tsabtar fiɗa da rage wa dabba zafi, har hukumar da ke sa ido kan likitocin dabbobi a Mishigan ta taɓa ladabtar da shi. Wannan suka tana da tushe, domin dabba ma tana jin ciwo, kuma sauƙin kuɗi bai kamata ya hana a wanke hannu da kayan aiki ba.

A jiharmu ta Damagaram akwai masu wannan aiki, wasunsu a Dakar suka yi karatu, wasu a nan gida. Lokacin rigakafi suna bin rijiyoyi da mashaya a kan babur, suna yi wa shanu allurar ciwon huhu, suna duba bisashe ranar kasuwa. Burina wata rana mai kyamara ya hau bayan ɗayansu tun asuba, daga Zinder har dajin Belbeji, mu zauna da dare mu kalla da Hausa.