Amsoshin Tambayoyinku: Aikin Tace Ƙwayoyin Halitta da Hasken Leza

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware na wannan mako duk sun karkata ga fanni guda, wato aikin da masana ke kira fulo saitometiri, da ɗan'uwansa na tace ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya domin binciken lafiya. Sai a gyara zama.

Wasiƙar farko daga wata ɗaliba ce da ke shekarar ƙarshe a karatun kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje. Ta ce: "Ina ganin cibiyoyin bincike suna neman ma'aikatan fulo saitometiri. Wane irin aiki ne, kuma me mutum yake yi a cikinsa daga safe zuwa yamma?"

To malama, a ɗigon jini guda akwai miliyoyin ƙwayoyin halitta, kuma ba iri ɗaya ba ne. Idan kika zauna gaban madubin duba ƙananan halittu, za ki ƙirga ɗari ko ɗari biyu ido ya gaji. Ita wannan na'ura tana tsotsar ƙwayoyin a cikin ruwa, ta matse su cikin siririn zaren ruwa, har ya zama dole su bi layi ɗaya-ɗaya, kamar mutane a ƙofar da ba ta ɗaukar biyu. Kowace ƙwaya sai ta gifta ta gaban hasken leza. Hasken da ya watsu gaba yana ba da labarin girmanta, wanda ya watsu gefe kuma yana nuna yadda cikinta ya cika da ɓurɓushi. Ana yin haka ga dubban ƙwayoyi a daƙiƙa guda.

Kafin a saka samfurin, ana rina shi da sinadaran garkuwar jiki da ake kira antibodi, kowanne an ɗaura masa rini mai ƙyalli. Antibodin da aka ƙera domin alamar CD4, wadda ke jikin wasu fararen ƙwayoyin jini, zai nemi ƙwayar da ke ɗauke da wannan alama ya manne mata. Da shuɗiyar leza mai tsawon zango nanomita 488 ta bugi rinin FITC, sai ya ba da kore. Rinin PE, wanda ake samowa daga jan ciyawar teku, ya ba da launi tsakanin rawaya da ruwan goro. Da launukan ne kwamfuta ke gane ko wacece ta wuce.

Tacewar kuwa, ita ce wurin da aikin ya fi burge ni. Ruwan yana fitowa ta wani ɗan baki mai faɗin maikiromita 70 ko 100, ana girgiza shi sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, sai zaren ruwan ya tsinke ya koma ɗigo-ɗigo. Na'urar ta riga ta lissafa daidai lokacin da ƙwayar da ake nema za ta iso wurin tsinkewar. A wannan ƙiftawar ido take ba wa ɗigon cajin lantarki, ya faɗo tsakanin faranti biyu masu ƙarfin dubban bolt, ya karkata dama ko hagu, ya faɗa kwalbar da aka tanadar masa. Ƙwayar tana fita da ranta. Za a iya renonta, a karanta ƙwayoyin gadonta, ko a ci gaba da gwaji da ita.

Yinin ma'aikaci yana farawa da kunna na'ura, a bar leza ta ɗumama, a kori kumfar iska daga bututai, a gudanar da wasu ƙananan ƙwallayen roba na gwaji domin a tabbatar yau na'urar tana gani kamar yadda ta gani jiya. Sannan masu bincike su fara shigowa. Ga ɗalibin digirin digirgir da kwalba a cikin ƙanƙara, ƙwayoyin da ya shafe makonni yana reno, yana son a fitar masa da wasu 'yan ƙalilan daga cikin miliyoyi. Ana tsakar aiki sai ki ga ɗigon da ke kan allo ya fara rawa, zaren ruwa ya karkace. Bakin ya toshe, wataƙila saboda samfurin bai bi ta matata ba, ƙwayoyi sun dunƙule. Dole ki tsayar nan take, ki cire kwalbar da aka tara kafin ta gurɓace, ki wanke bakin, ki sake saita lokacin ɗigo, duk mai samfurin yana tsaye a bayanki zuciyarsa na dukan uku-uku. Idan an gama, sai ki sake saka kaɗan daga abin da aka tara ki ga ko da gaske tsantsarsa ne. Wannan natsuwar rabin aikin ce.

Wani mai sauraro kuma ya rubuto a taƙaice: "Sabuwar fasaha ce, ko ta daɗe?"

Ta kwana biyu, malam. A 1953 Wallace Coulter ya samu takardar mallakar hanyar ƙirga ƙwayoyin jini da lantarki. A 1965 Mack Fulwyler, a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka, ya ƙera na'urar tacewa ta farko, kuma dabarar ɗigon ya aro ta ne daga fasahar feshin tawada ta injin ɗab'i. Wolfgang Göhde na Jami'ar Münster a Jamus ya shigo da rini mai ƙyalli a 1968. Leonard Herzenberg da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka haɗa dabarun biyu a na'urar da suka raɗa wa suna FACS, kamfanin Becton Dickinson ya kai ta kasuwa a 1974. Shekara guda bayan nan Georges Köhler da César Milstein, a birnin Kambirij na Ingila, suka gano yadda ake samar da antibodi iri ɗaya tak mai yawa, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1984. Daga nan ne na'urar ta samu abin da za ta riƙa gane ƙwayoyi da shi.

Tambaya ta gaba ta fito ne daga wani matashi da ya kammala digirin farko a kimiyyar halittu. Ya ce: "Sai na yi digirin digirgir kafin a ɗauke ni? Ta ina zan fara?"

A'a ɗan'uwa, ba sharaɗi ba ne. Da yawa sun shiga da digirin farko a kimiyyar halittu, ko sinadaran jiki, ko kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, ko injiniyancin kayan asibiti. Manyan jami'o'i da cibiyoyin bincike sukan tara waɗannan na'urori a sashe guda da kowa ke amfani da shi, saboda tsadarsu. Can ne makarantar gaske. Ka nemi horo ko aikin wucin gadi a irin wannan sashe, ko da wanke bututai da haɗa ruwa za a fara ba ka. Masu ɗaukar aiki suna son jin wace na'ura ka taɓa riƙewa, launuka nawa ka taɓa haɗawa a gwaji guda, kuma me ka yi ranar da abin ya ƙi.

Ta fuskar karatu, ka riƙe ilimin garkuwar jiki da hannu biyu, domin yawancin samfuran da za su zo gabanka fararen ƙwayoyin jini ne. Ka fahimci yadda haske da rini ke aiki. Ka koyi manhajar nazari irin FlowJo ko FCS Express, kuma idan ka ƙara da harsunan kwamfuta irin R ko Python ka wuce sa'o'inka. Akwai ƙungiyar masana fannin ta duniya, ISAC, mai shirya taron CYTO, sannan ƙungiyar ASCP ta Amurka tana ba da shaidar ƙwarewa mai suna SCYM ga waɗanda suka yi aiki suka ci jarrabawa. Digirin digirgir yana da amfani ga mai son jagorantar bincike na kansa, kuma wasu cibiyoyin suna neman sa ga shugaban sashe.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata ma'aikaciyar asibiti. Ta ce: "Tun da na'ura ce ke ƙirgawa, kwamfuta kuma ke zana sakamako, anya nan gaba za a buƙaci mutum a wannan aiki?"

Hajiya, na'urar nan duk abin da aka ba ta za ta fitar masa da zane mai kyau, ko da samfurin ya lalace. Bari in ba ki misalai. Matacciyar ƙwaya tana shan antibodi barkatai, sai ta fito a allo tamkar tana ɗauke da alamar da ba ta da ita. Wanda bai saka rinin da ke bambanta rayayye da matacce ba, zai iya sanar da duniya ya gano sabon rukunin ƙwayoyi, alhali gawarwaki ya ƙirga. Ƙwayoyi biyu sukan manne su wuce tare, na'ura ta ɗauke su ɗaya mai alamomi biyu. Sannan launuka suna kwarara cikin juna: koren FITC yana leƙawa cikin ma'aunin PE, sai an yi lissafin cire wannan kwararar da samfuran gwaji masu launi ɗaya-ɗaya. Idan lissafin ya karkace, komai ya karkace. Bayan duk wannan, wani ne zai zauna ya shata iyaka a kan zanen, ya ce daga nan zuwa nan su ne ƙwayoyin da muke nema. Matsar da layin kaɗan yana iya sauya sakamakon bincike baki ɗaya.

Sabbin na'urori, irin Aurora ta kamfanin Cytek, suna karanta launuka har arba'in a lokaci guda. Wata fasahar mai suna CyTOF ma ta bar rini ta koma amfani da ƙarafa. Manhajoji suna taimakawa wajen tara ƙwayoyi rukuni-rukuni. Amma yawan launuka yana ƙara yawan hanyoyin yin kuskure, kuma a ganina hakan ya ƙara wa ƙwararre daraja. Ma'aikacin kirki shi ne mai iya duban babban farfesa, cikin ladabi, ya ce masa ranka ya daɗe, wannan sakamakon ba zai tsaya ba, sai an sake da samfurin gwaji. Faɗin haka yana da nauyi ga ƙaramin ma'aikaci. Akwai kuma wani abin da ya kamata mai sha'awa ya sani tun da wuri: sau da yawa binciken na wani ne, sunanka yana iya fitowa a layin godiya kawai. Shi ya sa yake da kyau a tattauna batun saka suna cikin marubuta tun farkon aiki, musamman idan kai ka tsara gwajin ko ka yi nazarin sakamakon.

Wani bawan Allah yana tambaya: "Ban da jami'a, ina ake samun wannan aiki?"

Asibiti na kan gaba. Da wannan na'ura ake ƙirga ƙwayoyin CD4 na masu ɗauke da HIV. Lafiyayyen mutum yakan samu tsakanin 500 zuwa 1,500 a maikirolita guda na jini, idan suka faɗo ƙasa da 200 kuwa garkuwa ta yi rauni sosai. Da ita ake tantance nau'in sankarar jini, a kuma bi sawun ragowar cutar bayan magani, har ƙwaya ɗaya cikin 10,000. Kafin dashen ɓargo, ƙwayoyi masu alamar CD34, wato waɗanda ke haifar da sabbin ƙwayoyin jini, ake ƙirgawa a san ko abin da aka tara ya isa. Aikin asibiti yana da tsauraran ƙa'idoji da rubuce-rubuce, domin likita zai yanke hukunci a kan lambar da ka ba shi. Sai kamfanonin magunguna da na rigakafi. Sai su kansu masu ƙera na'urorin, irin BD Biosciences da Beckman Coulter da Sony, waɗanda ke ɗaukar masu horar da abokan ciniki da injiniyoyin gyara. Wannan ɓangaren ya dace da wanda tafiye-tafiye ba sa damunsa.

Fasahar ta ma fita daga jikin ɗan Adam. Da ita ake raba maniyyin bijimi, saboda ƙwayar da ke haifar da mace ta fi ta namiji yawan DNA da kusan kashi 4 cikin 100. Da ita kuma Sallie Chisholm da abokan aikinta suka gano Prochlorococcus a cikin teku, suka wallafa a 1988, ƙaramar halittar da ke cikin mafiya yawa a duniya duk da ba a san da ita ba kafin nan.

Ta ƙarshe daga wata uwa ce da 'yarta ke shirin shiga fannin. Ta ce: "Babu haɗari a ciki?"

Akwai, Mama, amma an san shi, an kuma san maganinsa. Lezar a rufe take, ba a buɗe ta sai injiniya. Abin kiyayewa shi ne feshi: idan bakin na'urar tacewa ya toshe, ruwan da ke fita da ƙarfi yana iya watsuwa cikin iska, kuma idan samfurin na ɗauke da cuta ana iya shaƙa. Saboda haka ake saka na'urar cikin akwatin kariya mai zuƙe iska, ma'aikaci ya sa safar hannu da riga da takunkumi, kuma ba a karɓar samfuri sai an rubuta abin da ke cikinsa da inda ya fito. Ki ce wa 'yarki, ranar da za ta je ganawar neman aiki, ta tambaye su yadda suke gwada kariyar feshin nan da kuma sau nawa suke yi.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.