Zanen kakanni a hannun ɗalibin zamani: izini, suna da rabo

Akwai wani bango mai adon gargajiya a cikin unguwar Birni a Damagaram, kusa da fadar sarki. Maginin da ya fitar da wannan ado da hannunsa ya daɗe da rasuwa, bai kuma rubuta sunansa a jikin ginin ba. A yau ɗalibi zai ɗauki hoton bangon da wayarsa, ya sake zana shi a kwamfuta cikin rabin awa, ya buga a riga ko a tambarin kamfani. Tambayar da ya kamata malamin zane ya fara da ita ita ce: wannan ado na wane ne?

Doka tana da amsa, amma amsar ba ta cika ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI ta kare haƙƙin ƙirƙira a Afirka, mai hedkwata a Yawunde, wadda ke aiki bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977, kuma a can ake yi wa tambarin kasuwanci da sabon fasalin kaya rajista. A cikin gida kuma akwai hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa da masu zane. Sai dai an fi gina irin wannan kariya a kan sabon aiki mai sanannen mai shi. Dagi, ko aska takwas ta babbar riga, ko adon da dukawa ke yi wa jaka da kube, ba su da mutum ɗaya da zai ce shi ya ƙirƙiro su, saboda haka da wuya a ga wanda zai shigar da ƙara a kansu.

An ga haka a wasu ƙasashe. A 2015, al'ummar Mixe ta ƙasar Meziko ta koka cewa mai zanen tufafi ta Faransa, Isabel Marant, ta fitar da riga mai kama da ɗinkinsu na gado. Ƙabilar Navajo ta Amurka kuwa ta kai kamfanin Urban Outfitters kotu a 2012, aka sasanta a 2016, kuma abin da ya ba su ƙarfi shi ne sun riga sun yi wa sunansu rajista. Nan gida ma, kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu rajistar da ke ɗaure sunan kaya da wurin da ya fito.

Abin da doka ta bari, tarbiyya ce za ta ɗauke shi, kuma sana'o'inmu sun san wannan tun da daɗewa. Yaron da ya koyi dukanci ko ɗinki yakan faɗi a gidan wa ya koya, ba ya kuma buɗe rumfarsa sai maigidansa ya sallame shi da albarka. Wannan ladabin ne ya kamata a shigar da shi aji. Kafin ɗalibi ya taɓa kwamfuta, malami ya tura shi wurin masu sana'ar, ya gaishe su yadda ya dace, ya tambayi sunan adon, da inda ake sa shi, da inda ba a sa shi.

Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ta fi nauyi. Zayyanar allo tana da kyau ƙwarai, amma ado ne da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani, don haka wanda ya buga ta a takalmi ko a dardumar ƙofa ya ci mutuncin jama'a, ko da babu kotun da za ta kama shi. Haka nan rawani mai kunne biyu alama ce ta gidan sarauta, bai dace a naɗa wa kowa shi don tallar sabulu ba. A ganina, ɗalibin da ya iya bambance abin da ake ara da abin da ake bari a wurinsa ya wuce wanda ya fi shi iya haɗa launi.

Sai batun kuɗi, wanda galibi a nan ake noƙewa. Idan baduku ya ba da samfuri aka buga shi a jaka dubu, kuɗin jaka guda ba ladansa ba ne. A rubuta yarjejeniya da harshen da yake ji, a gaban shaidu, a fayyace adadin da za a buga, da tsawon lokaci, da kasonsa, a kuma sa sunansa da na garinsa a jikin kayan. Malami zai iya mayar da wannan sharaɗin jarrabawa, ta yadda duk aikin da ɗalibi ya miƙa zai zo da takarda guda mai nuna wanda aka tambaya, da abin da ya yarda da shi, da abin da aka sauya a zanen. Aikin da ya zo babu wannan takarda, a mayar wa ɗalibin ya koma Birni ya yi tambaya.