Jawabin Maraba Ga Babban Baƙonmu, Masanin Taurari, Daga Al'ummar Zagami

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, da babban baƙonmu Farfesa, barka da sauka a Zagami. Sannu da ƙoƙari, don mun san halin da hanyoyin Faskari suke ciki.

Ranka ya daɗe Farfesa, ba sai mun gabatar da kai ba. Kana cikin sahun da Giuseppe Piazzi ya buɗe ranar 1 ga Janairu, 1801, da ya hango Ceres daga Palermo ta ƙasar Italiya, na farko da aka gano cikin duwatsun sama masu zagaya rana. Mun ji yadda kuke hana idonku barci: a ɗauki hoton gefe ɗaya na sama, a dakata, a sake ɗauka, a yi ta bin ɗigo-ɗigo har a kama wanda ya gusa. An kuma shaida mana cewa idan aka tabbatar da hanyar da irin wannan dutse yake bi a sama aka ba shi lamba, wanda ya gano shi ke gabatar da sunan da za a raɗa masa. To, a nan buƙatarmu take: cikin duwatsun da ka gano, ka sa wa ɗaya Zagami.

Muna da hujja. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da Zagami ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama dab da shi, ya nutse wajen ƙafa biyu a ƙasa. Aka haƙo shi aka kai Kaduna. Daga baya masana suka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne. An yayyanka shi, ana sayarwa giram-giram, yana gidajen tarihi a Turai da Amurka. Har an saka ɗan ɓarɓashinsa a kumbon Mars Global Surveyor da aka harba zuwa Mars a 1996. Dutse ya samu mai mayar da shi wajen gida, mu da muka yi masa masauki ko tsakuwarsa ba a bar mana ba! Yaranmu a bakin tsofaffi kawai suke jin labarin.

Ɗaliban sakandarenmu za su so madubin hangen nesa, ko ƙarami ne, amma wannan idan hali ya yi. Sunan nan shi ne a gaba, ranka ya daɗe. Ba ya cin kuɗi, takarda ce za ka rubuta wa Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya. Mun rubuta maka shi a ƙasan wannan jawabi da manyan baƙaƙe, kada a samu kuskuren harafi.

Allah ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi

ZAGAMI