Daga Kasala zuwa Amurka: Yadda aka yi fataucin giwayen wasa

A ƙarni na 19, yawancin manyan kamfanonin da ke yawo gari-gari suna nuna wasan dabbobi a Turai da Amurka, da giwa suke jawo 'yan kallo, da doki kuma suke tafiyar da sana'ar. A kan doki aka kafa wasan tun 1768, lokacin da Philip Astley ya fara nuna ƙwarewar sukuwa a wani zagayayyen fili a Landan, kuma daga baya manyan dawakan Percheron, 'yan asalin Faransa, su ne ke jan kekunan kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa inda za a kafa tanti. Doki dai ana samunsa a kasuwa, amma giwa sai an shiga daji.

Gabashin Sudan, wajen Kasala, na cikin wuraren da aka fi samo giwayen Afirka. Maharban ƙabilar Hamran na yankin a kan doki suke farauta. Mutum ɗaya zai tsokani uwar giwa har ta biyo dokinsa a fusace, wani kuma ya diro ta bayanta da takobi ya sare mata agara, ta durƙushe. Sai a kama ɗan, wanda sau da yawa bai isa yaye ba. Daga nan a kora shi da ƙafa, makonni ana tafiya cikin zafi, tare da garken awakin da ake tatsa domin ciyar da shi, har gaɓar Bahar Maliya. Da yawa ba sa kaiwa. Waɗanda suka rayu, dillalai irin su Lorenzo Casanova ɗan Italiya da Carl Hagenbeck na Hamburg ne ke sayar da su a Turai.

Ta wannan hanya aka fito da wani ɗan giwa mai suna Jumbo a farkon shekarun 1860. Ya zauna a Paris, a 1865 aka kai shi gidan namun daji na Landan, inda ya yi shekara 17 yana ɗaukar yara a bayansa. A 1882 aka sayar da shi ga P. T. Barnum, mai kamfanin wasan dabbobi a Amurka, kan fam 2,000, duk da ƙorafin da mutanen Ingila suka yi ta yi. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne dalilin sayarwar: da dare yakan fusata ya farfasa ɗakinsa, aka ce ya zama haɗari, alhali binciken ƙasusuwansa daga baya ya nuna haƙoransa sun lalace saboda abincin da bai dace da giwa ba.

Shekara 3 kacal ya yi a hannun Barnum. Ranar 15 ga Satumba 1885, a garin St. Thomas na Kanada, jirgin ƙasa na dakon kaya ya banke shi bayan an tashi daga wasa. Ko mutuwarsa ba ta tsayar da cinikin ba, domin Barnum ya sa aka cusa fatarsa, aka harhaɗa ƙasusuwansa, ya ci gaba da yawo da su ana biyan kuɗin kallo.