Na zaga na zaga, na dawo kan tsohuwar jitata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ya gida ya iyali. Mu dai nan Paris tun asuba ake yayyafi, yau kuma ba ni da aiki, shi ya sa kuka gan ni zaune a kicin da filaya da tsumma, tsirkiya zan canza ma wannan baiwar Allah, sai nace tunda hannu yana aiki bari baki ma ya yi nasa. Wani ƙanena ne daga Damagaram ya turo min murya a WhatsApp yace yaya wai ina jar jitar nan mai ƙiba da kake ɗaukar hoto da ita, ya muka koma ganin wannan tsohuwar mai tabo, ko talauci ne ya kama ka a Turai? Nayi dariya har na ƙware. To ƙanena zauna ka ji, jar na sayar da ita da hannuna, kuma ba yunwa ce ta sa ba.

Bari in matso da ita kusa da kyamara ku gani. Wannan ƙirar ita ake ce ma Stratocaster, masu kiɗa Strat kawai suke cewa. Tawa ba Fender ta asali ba ce, Squier ce, wato ƙaramar ƙanwarta ta masu ƙaramin ƙarfi amma duk gida ɗaya ne. Ta hannu na saya a 2016 wurin wani Bature a Montreuil, Yuro 180, in ka buga a sefa wajen jikka 118 ke nan, wato sefa dubu 118, tunda Yuro ɗaya sefa 656 ne. Da fara ce tas, yanzu kun ga ta koma ruwan ƙwai, nan wajen kuma da fenti ya ɓare ƙofar metro ce ta datse min ita. Mutumin da ya fito da ƙirar nan a 1954 a Kalifoniya, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne fa, bai ma iya kaɗa jita ba, amma ya zauna ya yanke mata ciki ta baya yadda za ta kwanta ma mutum a haƙarƙari, ya jera mata mikro uku a ƙarƙashin tsirkiya, waɗannan farare ukun da kuke gani, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su kai ma ampli, akwatin nan mai ƙara murya.

Ni a Agadas na tashi, babanmu fatauci ya kai shi can ya zauna, don haka kunnena da kiɗan Abzinawa ya buɗe. Wanda bai taɓa zuwa biki a Agadas ba wallahi an bar shi a baya. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi a fili, a ja waya, a tada gurup, ku ƴan Najeriya janareta kuke cewa, samari su sha rawani ido kawai ake gani, mai jita ya tsaya kamar bai damu da kowa ba, yana taɓa tsirkiya sai mata su rangaɗa guɗa a hau tafi, ƙura ta tashi. Amplin ƙarami ne an murɗe shi har ƙarshe yana kuka, kuma a hakan yake da daɗi. Mu yara muna gefe muna tura ma juna waƙa ta Bluetooth daga waya zuwa waya. Jitata ta farko gwangwani ne da katako da wayar birkin keke, Mdou Moctar ma, shahararren mai jitar nan ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko, kuma yau duk inda ka gan shi a duniya Strat ce rataye a wuyansa, ta ƴan bahago, don shi da hagu yake kaɗawa.

To da na zo nan sai kunya ta kama ni, gaskiya zan faɗa. Na shiga wata ƙungiya ta samari masu rok, muna haɗuwa a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa duk Asabar, in na buga sai in ji sautina siriri kamar kukan sauro a tsakiyar nasu, ɗayan mai jitar in ya daki tasa sai ka ji kamar an rufe ƙofar kanti. Ba wanda ya zage ni, sai dai kullum ana ce min ƙara kauri, ƙara kauri. Ran nan aka biya ni albashi na hau metro sai Pigalle, akwai wani layi can rue de Douai shagunan jita ne a jere, in ka shiga da kuɗi a aljihu sai addu'a. Nan na gan ta a rataye, ja mai duhu-duhu a gefe tana sheƙi, ƙirar Les Paul. Ita ma Epiphone na ɗauka, ƙanwar Gibson ta masu ƙaramin ƙarfi, ta Gibson ta gaske tsada gare ta, wa zai ba ni.

Kuma kar wani ya ce ɓata ta nake yi, jita ce ta kirki. A 1952 aka fara ƙera irinta, katakonta mahogani ne mai nauyi, wuyanta a manne yake da gam, ba kamar wannan da kusoshi huɗu ke riƙe da shi ba, ga su nan ta baya. Mikronta biyu ne amma kowane tagwaye ne, hambaka ake ce musu, naɗi biyu ne aka haɗa ɗaya yana kashe ƙugin ɗaya, shi ya sa ba ta wannan zzzz ɗin, sautinta kuma cike yake, in ka taɓa tsirkiya ɗaya sai ta yi ta amo kamar ba za ta daina ba. Ba kallon kitse na yi ma rogo ba, kitsen ne na gaske, miyata ce dai ba ta son kitse, amma sai da na shekara ɗaya da rabi kafin in gane. A wurin ƴan rok kam na samu shiga, kafaɗata ce kawai ta sha wuya, abu ya fi kilo huɗu ka rataya awa biyu.

Inda asiri ya tonu wurin wani suna ne na ƴan Nijar a Saint-Denis. An kama zaure, an dafa shinkafa da yawa, aka ce tunda kai ne mai jita sai ka taɓa mana na gida. Na ɗauko ja, na saita, na fara. Shi kiɗan namu ga yadda yake, bari in nuna muku ko da tsirkiya huɗu ce ta rage a jiki. Babban yatsa yana dukan babbar tsirkiya ba tsayawa, dum dum dum, ita ce ƙasa, ita ce kamar tende, turmin nan da matan Abzinawa ke ɗaure ma fata su kaɗa. Manuniya kuma tana can ƙasa tana tsintar ƙanana, hannun hagu yana bugawa yana fizgewa da sauri, trrr trrr, kuma ba a yawo daga wannan kod, wato haɗin sauti, zuwa wancan kamar na Turawa, wuri ɗaya ake zama a yi ta juyawa har jiki ya ɗauka. To irin wannan yana son kowane sauti ya fito shi kaɗai ya mutu da wuri ya ba na bayansa hanya. A kan ja kuwa kafin na farko ya mutu na biyu ya hau kansa na uku ya hau, babbar tsirkiya ta cika ɗakin ta danne kowa, abu ya dagule kamar kunun da aka bari ya yi gudaji. Ana tafi dai, amma tafin kara ne, na sani. Ina gamawa wata Hajiya ƴar Agadas, tsohuwa ce ta zo wurin ɗiyarta ganin likita, ta yafito ni da hannu. Na je na durƙusa nace Inna ina wuni, tace lafiya lau ɗana, hannunka na gida ne na ji shi, amma ita jitar taka mura take yi ne? Wallahi mutanen da ke kusa suka fashe da dariya, ni ma nayi, amma a metro ina komawa gida maganar nan ta hana ni sakat.

Ban dawo nan take ba fa, taurin kai. Na ari wata Ibanez ta ƴan metal mai siririn wuya, ita kuma an kulle tsirkiyoyinta da kusoshi a sama, in kana son canza saiti sai ka nemo ɗan makulli, sati biyu na mayar. Na gwada mai ƙoƙon ciki ta ƴan jaz, ina ƙara murya ta hau ihu. Wani abokina ɗan Kwango ya zaunar da ni wata uku yana koya min seben, salon kaɗa jita irin nasu, wannan kam na ƙaru, yatsuna sun ƙara sauri kuma har yau ina sata daga ciki. Telecaster ce kaɗai ta kusa raba ni da wannan, don ita ma mikronta naɗi ɗaya ne, tana da kaifi, sai dai jikinta kamar allo ne ba lanƙwasa, tana cin haƙarƙari, kuma mikro biyu gare ta babu na tsakiya.

Na tsakiyan nan kuwa shi ne maganar. Kun ga wannan ɗan makunnin, wuri biyar yake tsayawa. In na kai shi na biyu, mikron ƙasa da na tsakiya suna aiki tare, sai sautin ya yi wani ƙwas-ƙwas kamar ana fasa gyaɗa, to nan nake zama, in an zo wurin da za a tashi ƙura in tura shi can ƙasa gaba ɗaya ya yi tsini. Ranar da na ciro ta daga ƙarƙashin gado, tsirkiya duk tsatsa, na jona na taɓa sau ɗaya, matata tana ɗaki ta leƙo tace yau kuma wa ya zo. Ko sati ba a yi ba na sa ja a kasuwa, wani yaro ɗalibi ya zo ya ɗauka yana ta murna, Allah ya sa ya more ta. Ƴan rok ɗin ma mun rabu lafiya, muna gaisawa.

Tana da nata halin, ba zan ɓoye ba. In na tsaya kan mikro ɗaya ƙugin nan yana nan, wutar nan Turai 50 take bugawa a daƙiƙa kuma siririyar wayar tana kwaso shi, in na matsa kusa da firjin nan sai ya ƙaru, ku saurara... kun ji ko? Wani abokina yace ai ƙugin ne ke tuna min da gurup ɗin biki, nace a'a malam kar ka ƙara min gishiri, ƙugi ƙugi ne, haƙuri kawai nake da shi, in ya dame ni in juya jikina gefe ya ragu. Sai kuma wannan ƙarfen na girgiza sauti, ni na cire nawa tuntuni. Dalili, ni babbar tsirkiya ba a sautin Mi da aka saba nake barinta ba, ɗaga ta nake zuwa Sol, haka maigidana a kiɗa ya koya min a Agadas, to gadar Strat, ƙarfen nan da ke riƙe da tsirkiyoyi, a kan sifirin take zaune ta baya, in ka ƙara ɗaure tsirkiya ɗaya sai ta ja gadar sauran biyar su sauka. Bari in juya ta ku gani, kun ga wannan ɗan katakon da na cusa a nan, guntun muciya ne wallahi, na matata da ta karye, na fere shi da wuƙa na tura, tun ranar gadar ba ta sake motsi ba.

To saura tsirkiya biyu in ɗaura, kuma sabuwar tsirkiya sai an ja ta an sake ja kafin ta zauna, in ba haka ba kana cikin kiɗa za ta saki. Maƙwabciyata ta ƙasa tsohuwa ce, mun yi da ita ba ampli bayan ƙarfe takwas, yanzu kuma bakwai saura, don haka bari in yi sauri. Ƙanena na Damagaram kai da ka ce talauci ne, kar ka kashe, jira in gama ɗaure wannan ta Sol ɗin ka ji da kunnenka.